Shafukan da Mai Agogo Ya Tsallake

Mai Agogo bai taɓa karanta ƙagaggen labari ba tunda ya bar makaranta, kuma ba ya ɓoye dalilinsa. Cewa yake yi mutum da hankalinsa ba zai zauna wani ya yi ta shirga masa ƙarya shafi bayan shafi, a ƙarshe ya yi masa godiya ba. Ba wai ba ya karatu ba ne. A ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran waya, ba ka raba shi da littafi a kife kusa da akwatin batura: tarihin jiragen ƙasa, yadda ake haƙo gishiri, rayuwar wani injiniya da ya ƙare kwanakinsa yana gina gadoji. Matarsa, Maman Auta, ita ce mai labarai. Shekara da shekaru tana aikin nas a ɗakin yara na asibiti, in ta dawo ta cire takalma sai ta jingina da bango da littafinta. Ya zo wucewa ya ce, "An koma makarantar ƙarya ke nan?" Ta ce, "An koma. Kai ma akwai gurbi." Haka suka tsufa suna tsokanar juna.

Sai ciwon sukari ya ci idonta. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Likita ya zaunar da su ya faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba cewa jijiyar ta mutu, ba aiki, ba magani. Maganar ta shiga kunnen Mai Agogo amma ba ta sami wurin zama ba. Mutumin da ya saba a kawo masa agogon da ya shekara a mace ya tayar da shi kafin mai shi ya gama gaisawa da maƙwabta, ba ya jin kalmar "ba gyara". Tun a hanyar dawowa ya fara cewa, "Kafin idon ya washe, sai mu ɗan yi haƙuri."

Haƙurin nasa kuwa aiki ne ja. Ya fitar da teburin tsakar ɗaki, ya naɗe kusurwar kabad da tsumma, ya ɓoye wuƙaƙen kicin a saman firij. In rediyo ya fara labarin haɗarin mota sai ya murɗe shi. Wata maƙwabciya ta zo dubiya, hira ta yi daɗi ta manta, ta jefo karin maganar nan ta bakin rijiya da wasan makaho, ya miƙe tsaye ya ce ya ji kamar ana kiran ta a gida. Ana lallaɓa Maman Auta kamar ƙwai, ita kuma sai ƙara nisa take yi. Ta zauna a kujerar bakin taga, hannuwa a cinya, duk abin da aka ce mata ta ce "to". Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Matar da ba ta barin maganarsa ta faɗi ƙasa, yanzu in ya tsokane ta sai tsokanar ta dawo masa ita kaɗai. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ta tafi ta bar shi alhali tana zaune a gabansa.

Auta ce ta ba shi shawara a waya, daga garin da take aure. Ta ce, "Baba, karatu take kewa. Ka karanta mata mana."

Ya ce, "Ni?"

Ta ce, "To wa? Ai dai kana da baki."

Laburaren unguwa wani dogon ɗaki ne a bayan gidan waya, fanka ɗaya na juyawa a sama tana ƙara, kantoci sun kusa taɓa rufi. Mai kula da shi wata gajeriyar mata ce mai tabarau a rataye da igiya, yara suka sa mata Anti Shiru saboda ita ce kalmar da ta fi yawan faɗa. Ba ta tambayar mutum abin da yake son karantawa, don ta ce rabin mutane ba su sani ba, sauran rabin kuma kunya suke ji. Tambayarta ita ce wa za a karanta wa, kuma da wane lokaci na rana. Ta san Maman Auta tun tuni, ta kuma ji labarin idon, don haka ba ta ja gaisuwa ba.

Mai Agogo ya ce, "Malama, littafin da ba abin da ke faruwa a cikinsa nake so."

Ta ce, "Ƙamus yana can ƙarshen kanta, Baba."

"Ina nufin ba mutuwa, ba ciwo, ba asibiti, ba rabuwa."

Ta cire tabaraun ta dube shi. "Ka kore mini kusan duk laburaren. Amma zo mu gani."

Ya bi ta layi-layi tana zaro su. Ta ba shi wani a kan ƙudan zuma, ta ce wannan da hantsi ya fi daɗi, kuma kada ya damu, in sun mutu ba a faɗin sunayensu. Ta ƙara da na wata mata da ta ratsa ƙasashe a kan keke ita kaɗai, labarin gaskiya, da ruwan sama da facin taya da mutanen kirki a hanya. Ta ɗan yi jim a gaban kantar labaran 'yan sanda, sannan ta zaro wani ƙarami. Ta ce akwai gawa a ciki, amma tun shafin farko take, kuma ba wanda yake son mutumin ko da yana da rai. Ya so ya ɗauki wani ƙato a kan tarihin madatsun ruwa, ta dafe shi ta ce, "Wannan naka ne, ka dawo masa wani lokacin."

Har ya kai ƙofa ta kira shi. Ta sunkuya bayan teburinta ta fito da wani tsohon littafi, bangonsa duk salatif, gefen takardunsa ya yi baƙi saboda hannu. Ta ce, "Wannan ƙagagge ne. Ka bar shi ya zama na ƙarshe. In ka fara, ka karanta shi yadda yake."

Ya ce, "Akwai wani abu a ciki ne?"

Ta ce, "Akwai mutane."

Ya soma rufe shago da wuri. Da yamma, in rana ta sauka daga tagar, sai ya jawo kujera gabanta ya gyara murya. Ƙudan zuma sun yi masa daɗi fiye da kima, har ya riƙa tsayawa yana ƙara bayani daga aljihunsa, ita kuwa tana cewa "to". Mai keke ta ɗan taɓa ta. Ana tsakiyar hawan wani dutse Maman Auta ta ce, "Wa ke wanke mata kaya?" Bai san amsar ba, amma a ranar sai da ya fita baranda ya kira Auta ya ce mahaifiyarta ta yi tambaya. Na 'yan sandan shi ya ɓata shi da kansa. Hali zanen dutse: mai gyaran agogo ta baya yake buɗe abu, don haka ya leƙa shafin ƙarshe tun a shago, kuma da mai gadin gidan ya shigo labarin sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Ga munafukin nan." Maman Auta ta juya fuskarta wajen taga, aka ajiye littafin.

Saura mai salatif. Wannan karon ya ce ba za a yi ba-zata ba, sai ya bincike shi tukun. Ya kai shi shago, ya ture gilashin aikinsa sama goshi, ya fara dubawa da niyyar neman inda matsala take. Labarin wata matar masunci ne a wani ƙauyen bakin teku, da 'ya'yanta, da surukarta mai faɗa, da mijin da ya iya waƙa amma bai iya gyaran rufin ɗaki ba. Bai ankara ba sai ga wani direba a tsaye da agogo a hannu yana ta sallama, shi kuwa yana can bakin teku. Ya ji kunya, ya sa wa mutumin batir ya koma.

A tsakiyar littafin ya sami abin da yake nema. Mijin ya fita kamun kifi bai dawo ba. Matar ta ci gaba da wanke masa riguna tana gaya wa maƙwabta iska ce ta tsare shi. Sannan aka zo wani babi da maza suka tsaya a ƙofar gidanta da sassafe, ba wanda ya iya fara magana. Mai Agogo ya karanta shi har ƙarshe, ya rufe littafin ya daɗe yana kallon titi. Ya ce a ransa wannan mata mai laburare ba ta da tausayi. Sai ya yi abin da ya iya: ɓangaren da zai tsayar da agogo cire shi ake yi a sa wani. Ya yago siririyar takarda ya saƙala a farkon babin, ya saƙala wata a ƙarshensa.

Tun layin farko da ya karanta a gida ya ga canji. Maman Auta ta ɗago kai, ta karkato kunne. Can ta ce, "Ka rage gudu, ba jirgi za ka tara ba." Da aka zo kan surukar ta ce ba haka tsohuwa take magana ba, ya sa hanci a ciki. Ya sa hanci a ciki, ta yi dariya, 'yar gajeriya, amma dariya ce. A ranar ta cinye abincinta. Washegari ita ta tambaye shi ko rana ba ta sauka ba tukuna. Daɗi ya cika shi har ya yafe wa marubutan ƙarya rabin laifinsu.

Ran da suka iso takardar farko, ya lashi yatsa, ya yi ɗan tari don ya rufe ƙarar takardu, ya ɗage babin gaba ɗaya. Da muryar karatu, idonsa a kan shafin da ba haka ya ce ba, ya sanar cewa wani matafiyi ya kawo saƙo: mijin yana nan lafiya, ya sami aiki a wani babban jirgin ruwa, zai ɗan jima. Ya saci kallonta. Ta mayar da hannuwanta cinya.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tasa sai da ta yi rassa. A babi na gaba mata suka cika gidan suna gaisuwar rashi, dole ya mayar da su masu zuwa taya hira. Matar ta sayar da kwalekwalen, ya ce ai ya tsufa ne. Surukar ta daina faɗa ta koma zama a bakin ƙofa, ya ce ciwon ƙafa ne. Yana karatu yana faci, gumi na tsattsafo masa a wuya. Maman Auta ta ce, "Wannan miji wane iri ne, ko leƙo 'ya'yansa ba ya yi?" Ya ce aikin jirgi haka yake. Ta ce "to", irin "to" ɗin nan da ya tsana. Abincin yamma ya koma kicin kamar yadda ya fito.

Ya koma laburare da safe ransa a ɓace, ya ce a ba shi wani wanda miji ke dawowa. Anti Shiru ta tambaye shi ko sun gama wancan.

Ya ce, "Na ɗan yi masa gyara."

Ta ce a hankali, "Baba, ba gyara aka kawo maka shi ba. Ba zan ba ka wani ba sai kun gama." Ya so ya yi musu, ta nuna masa wani ɗalibi da ke karatu a kusurwa, ta ɗora yatsa a leɓe. Ya fito yana gunaguni cewa an ba mace kujera ta mayar da kanta alƙali.

Tunda an hana shi sabo, ya yanke shawarar ya kammala tsohon da hannunsa. Da yammar ya zauna, ya buɗe kusa da ƙarshe, ya karanta 'yan layuka na gaskiya don murya ta zauna, sannan ya dawo da mijin. Ya sauko da shi daga babban jirgi da jaka a kafaɗa, ya sa yaran suka ruga da gudu, har yana shirin sa shi ya gyara rufin ɗakin.

Maman Auta ta ce, "Malam, tsaya."

Ya tsaya.

"Mutumin nan ya mutu. Ruwa ya kawo shi gaɓa da safe, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ƙanensa ne ya cire riga ya rufe masa fuska."

Ya dubi littafin, ya dube ta.

Ta ce, "Baƙin da ke gefen takardun nan, rabinsa hannuna ne. Duk ranar da yaro ya cika a hannuna a asibiti, ba na iya kuka a can, iyaye na kallona, ga wasu gadaje na jira. In na dawo gida kuma ga ka da fara'arka, ga Auta na neman abinci. Sai in biya wurin yarinyar nan ta laburare in aro shi, in buɗe daidai wurin nan, in yi kukana in wanke fuska. Kana wucewa kana cewa makarantar ƙarya."

"Ban sani ba."

"Ban faɗa maka ba. Tun layin farko na gane shi. Na yi ta jira mu iso wurin, sai na ji ka kwashe shi gaba ɗaya, har da ɗan tarinka."

Ya ce, "Don ke na yi, Maman Auta."

Ta ce, "Na sani. Teburin ma don ni ne, da wuƙaƙen, da rediyon. Ni da na rufe wa 'ya'yan mutane ido da hannuna, ni ake ɓoye wa mutuwar takarda." Ba faɗa take yi ba, muryarta ƙasa-ƙasa take. "Tunda likitan nan ya yi magana ban sami wurin kuka a gidan nan ba. In na buɗe baki sai ka ce kafin ya washe. Ba zai washe ba, Malam. Na san haka tun kafin likita ya sani. Ina nan zaune ni kaɗai ina jiran ka iso inda nake, kai kuma kana can kana gyara."

Motar kwasar shara ta wuce a titi, ƙararta ta yi nisa. Mai Agogo ya koma baya a littafin har ya sami takardar farko, ya zare ta ya yar a ƙasa. Ya fara karantawa. Maza suka tsaya a ƙofar gida. Matar ta fito da rigar mijin a hannu, jiƙaƙƙiya, ba ta gama matse ta ba. Ta bi su zuwa gaɓa ba wanda ya ce mata ta zo. Ya kai inda ƙanen ya ɗaga tasa rigar daga fuskar gawar, sai haruffan suka narke masa. Ya goge ido ya sake gwadawa, ya kasa. Shi da ya zo kare ta daga kuka, shi ya riga ta.

Ta miƙo hannu tana lalube, ta sami gwiwarsa, ta hau zuwa kafaɗa, ta sami fuskar. Ta bar tafin hannunta a kumatunsa.

Da ƙyar ya ce, "Ba za ki ƙara ganina ba ke nan."

Ta ce, "Ba zan ƙara ba."

Sai nata ya zo. Ta yi shi sosai, da sheshsheƙa, kafaɗunta na girgiza, kukan da ta daɗe tana riƙe da shi. Bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce komai zai wuce ba. Ya riƙe hannun kawai, suka yi tare har hasken tagar ya koma ja.

Da ta nutsu ta share fuska da gefen zaninta, ta ja hanci ta ce, "Ba wata babbar asara ba ce ma. Wanda na riƙe a kaina ya fi ka gashi."

Ya yi dariya da hawaye a gemu. Ta sa shi ya ƙarasa babin, ya ƙarasa shi kalma bayan kalma, har inda matar ta koma gida ta shanya rigar. Sannan ta ce tana jin yunwa, kuma a sauko mata da wuƙaƙenta daga inda aka ɓoye su, don ta san saman firij ne.

Yana kicin yana ɗumama abinci ta ɗaga murya ta ce, "Gobe ka kai ni wurin yarinyar nan. Ni zan zaɓa, kai ka ɗauko."

Ya leƙo da cokali a hannu. Ya tuna titin, da ramin da ke gaban gidan waya, da masu babur. Bakinsa ya buɗe zai ce a bari tukuna, ya mayar da maganar ya haɗiye.

Ya ce, "Akwai matakala a ƙofar."

Ta ce, "Sai ka faɗa mini in mun iso."